Takardar Jikin Firji

Nhuan, in ka iso ka tarar na tafi.
Ɗakin ƙarami ne, na sani,
in ka miƙe ƙafa sai ka gaisa da bango,
amma shekara huɗu ya riƙe ni bai kai ƙara ba.

Fara buɗe akwatinka a banɗaki.
Na san Inna ta cusa maka kwalbar romon kifi,
ta naɗe da tsohuwar riga, ta ɗaure da roba.
Tawa a sararin sama ta fashe,
wata guda ina shiga aji
ina ƙamshin kasuwar Thai Binh.

Shara a Sendai ba a fitar da ita da ka.
Ta ƙonawa da ranarta, roba da ranarta,
na zana maka a bayan ƙofa.
In ka kuskure, tsohuwa Onodera ta ƙasa
za ta hauro maka da ledarka,
ta ajiye, ta juya, ba uffan,
shirun nan ya fi mari zafi.
Gaishe ta duk da haka. Rusuna kaɗan.
Ran da zazzaɓi ya kayar da ni
ita ta zo da kunun shinkafa.

Kantin bakin tasha, je bayan takwas na dare,
lokacin ake manna wa kifi rabin kuɗi.
Kada ka ji kunya,
malaminmu ma na gan shi a layin.
Ka daina juya farashi zuwa kuɗin gida,
in ba haka ba, ko albasa za ta gagare ka.

Aiki za ka samu, wanke-wanke ne.
Tsaya a awannin da doka ta yanka maka.
Thuoc ya ƙi ji, ya haɗa dare da rana,
yana barci a aji da biro a hannu.
Yanzu yana gida yana gyaran babur,
littattafansa ne a kwalin nan na ƙarƙashin gado.
Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Fasfonka kada ka ba kowa ajiya,
ko da ya kira ka ƙane da harshen gida.
Takardar da ba ka gane ba
kada biro ya taɓa ta,
kai ta ofishin ɗalibai, tambaya ba ta cizo.

Sanyin nan yana shiga har haƙori.
In ka kunna hita mai kananzir
bar wa taga ɗan baki,
ka kashe kafin barci.
In ƙasa ta motsa, za ta motsa kuwa,
shige ƙarƙashin tebur.
Jakar bakin ƙofa akwai ruwa da tocila.

Kira Inna ran Lahadi,
amma ci abinci tukuna:
tana gane yunwa a murya.

Abu guda ban iya shirya maka ba.
Sabuwar shekararmu za ta zo ranar aiki,
ƙila ma kana jarrabawa,
ba fure a ƙofa, ba wanda ya sani.
Ni a ɗakin wanki na yi kukana,
injin yana juyi yana rufa mini asiri.
Yi naka. In ka gama ka wanke fuska,
ka ɗora shinkafa ta mutum huɗu,
ka ƙwanƙwasa ƙofar da ke kallon taka.
Batbayar ɗan Mongoliya ne, shi ma nesa ya fito,
kuma ba ya ƙin gayyata.

Na'ana'ar kan taga kuma,
wata 'yar Hue ta tsinko mini reshenta.
Rabin kofi na ruwa ya ishe ta.
Da sanyi za ta bushe ƙarau kamar ta mutu.
Kada ka jefar.
Na san halinta.

Khuyen