Rajistar Sakandaren Yamma, Gadarif

Arba'in da uku na rubuta ran Lahadi,
da jan biro, don baƙin ya ƙafe.
Maza sha tara, sauran mata.
Ƙaramarsu Saddiƙa, shekara sha biyar.
Babbansu Zubairu mai gyaran babur,
furfura a gemu, yana jin nauyin fita gaban allo.

A takardar hukuma akwai gurbin ƙabila.
Mudassir ya ce, "Kakana da ƙafa ya baro Haɗeja.
Makka ya nufa, a nan guzuri ya ƙare.
Me zan cike?"
Na ce masa, tsallake.

Bakwai daga Khartum suka zo,
shaidar karatunsu ta ƙone tare da ɗaki.
Na tambayi ajin da suka tsaya,
na yarda da bakinsu.

Yanzu riɗi ya nuna.
Ina kiran suna, kujeru na kallona.
Ashirin da shida.
Ummakati ta aiko ƙanenta da saƙo:
"Ustazu, kada a soke ni.
Da an gama yanka ina tafe."

Ban soke kowa ba.
Ɗigo kawai nake sawa,
shi ma da fensir.