Tsatsar da Ta Ƙi Fita

Kawu Tankari ya bar mini abu uku:
butar shayi,
bashin jika biyu wurin mai gawayi,
da wani dogon allo a bayan ɗaki, a Gamkalle,
wanda kaji suka ɗauka gidan ubansu ne.

Baturen da ya yi wa gadi ne ya bar masa
ranar tashi, don jirgi ya ƙi ɗauka.
An ce da can yakan tsaya a kansa tsakiyar gulbi,
ya rungumi filafili
kamar mai kokawa da zanin shanya,
iska ta ja shi har gindin gada.

Kawu kuwa ɗan Adar ne.
Ruwan da ya sani na rijiya ne, gaba ashirin,
sai an roƙe shi da guga.
Ya ɗora allon bisa bulo huɗu
ya ce: to, ga teburi.

Shekara talatin kwanon rufi na yi masa kuka,
kowace damina ɗigo ja,
kowace ƙusa ta sa hannu.
Da na jawo shi rana
sai ka ce bayan tsohon da ya sha ƙaho.

Na sayo lemun tsami na dala ashirin,
na daka gishirin Bilma,
na shafa, na bar shi ya ji jiki.
Tsatsa ba ta son gaggawa,
ita ma ba da gaggawa ta zo ba.
Toka da soso, jiƙon tsamiya,
yashin bakin gulbi mai laushi,
har yatsuna suka yi fari kamar na mai wanki,
har wata yanka da na manta da ita
ta tuna mini da kanta.

Noti biyu sun rantse ba za su juya ba.
Na ba su baƙin mai kwana uku.
Ɗaya ya saduda.
Ɗayan ya karye, ya bar kansa a ciki,
irin taurin kan gidanmu.

Tsagar gefe na cike da danƙo.
Filafilin, ɓeraye sun riga ni,
sai Ilu tela na Katako ya auna da ido,
ya yanko tanti shuɗi, ya ƙara da buhun shinkafa,
ya ce in na nutse kada in ambaci sunansa.

Ranar tara, fari ya dawo.
Ba farin sabo ba,
farin haƙorin da ya ci goro ya tuba.
Saura tabo guda, wajen tsakiya,
zagaye, faɗin tafin hannu.
Na zuba lemu. Na goga. Na sake.
Zalika ta leƙo daga madafa ta ce:
ba nan yake aza murhun shayinsa ba?

Na ajiye soson.

Nan ne.
Nan yake zama bayan la'asar,
rediyo a kunne, ƙafa ɗaya bisa ɗaya,
yana fifita gawayi da murfin kwali,
yana tuƙa allonsa a busasshiyar ƙasa
zuwa Tawa, ya dawo kafin tafasa ta uku.

Da Asabar na kai shi ruwa.
Sarkawa suka tsai da fatsa suna kallo,
yara suka bar wankan tumaki.
Na hau, na faɗi.
Na hau, gulbi ya ɗanɗana mini jar ƙasarsa.
Wani daga kwalekwale ya ce dorina ma ta fi ni tsayuwa.

A hawa na bakwai iskar gaban hadari ta taso,
buhun shinkafa ya cika ciki,
igiya ta miƙe a hannuna,
Harobanda ta fara matsowa.
Na duba ƙasa in ga inda zan kafa ƙafa,
sai na tarar dugadugina
ya riga ya sami wurin,
daidai cikin zoben nan ja,
kuma da ɗumi, wallahi,
ko da yake na san rana ce.