Darasin Dare a Tawa

Bayan isha'i nake buɗe aji.
Nomau ya jingine kabu-kabu a ƙofa,
shekara sha tara, yatsunsa sun san waya,
ba su san alli ba.

Inna Tsahara tana bencin gaba.
Buhun albasa nawa, jaka nawa,
kafin in juya ta gama lissafi a ka.
Amma harafin ɗa ya ƙi ta,
kwana tara ƙugiyarsa na kallon baya.

Nomau ya yi dariya.
Ta ce, "Ni na goya uwarka, yaro."

Sai aka ɗauke wuta.

Na ji benci ya motsa.
Hasken wayarsa ya sauko kusa da ita.
Ta lanƙwasa ƙugiyar a hankali,
ta ce, "Haska allon,
ba fuskata ba."