Kafin a Kai Goma

Ɗaki na sha bakwai, gidan tsofaffi, Youngstown.
Ni ke aikin dare.
Ƙarfe uku, injin ɗumama ɗaki na tari kamar tsohon jaki,
Wendell Askew ya farka yana lalubar takalmansa.
"Wa ya buga ƙararrawa?"
Ba taka ba ce, Zakara. Wata ke son a kai ta banɗaki.

Hannun nan da nake cusa wa cokali,
an ce ya taɓa raba wani da haƙora huɗu
da naushi guda.
Yau miya ma ta fi ƙarfinsa,
kafin ta kai baki rabi na kan riga.

Karawa arba'in da shida, ya ci arba'in da ɗaya.
Tambaye shi ko guda cikinsu,
sai ya kalle ka kamar ka tambaye shi hanyar Funtuwa.
Amma biyar ɗin nan,
biyar ɗin nan suna zaune gefen gado,
sun harɗe ƙafa kamar masu bin bashi.

Ta farko, in ji shi, ƙuruciya ce.
Ya shiga da ƙoshi da dariya,
wani bahago ɗan Toledo, Ruben Kaszuba,
ya koya masa ƙasa ma tana da ɗanɗano.
"Gishiri-gishiri," ya ce, "da warin roba."

Ta biyu alƙalai suka ci shi, ba mutum ba.
Nan yakan tofar da yawu, ni kuma in goge.

Ta uku ce ta tafi da kambun.
Turmi sha ɗaya yana kan gaba,
sai gira ta tsage, jini ya rufe idon hagu.
Yana ganin Otis Vandiver biyu,
ya zaɓi ɗaya ya kai masa,
ashe ba shi ba ne.
Ya ji takwas. Ya ji tara.
Ƙafafunsa na can nesa kamar na aro,
yana kira ba su amsawa.
Kafin gari ya waye masu cin arzikinsa sun watse
kamar shaho ya gifta kan 'yan tsaki.

Ta huɗu ba ya faɗa.
In na matsa sai ya juya ga bango.
'Yarsa Loretta ce ta gaya mini a bakin ƙofa
tana laluben makullin mota:
satin da aka binne uwarta ne,
shi kuwa ya riga ya karɓi kuɗin, ya kashe a asibiti.

Ta biyar, shekararsa arba'in da biyu,
tumbi ya sauko kan wando,
a wani zaure da ake haya don bikin aure.
Yaron da ya kayar da shi ya durƙusa yana kuka,
wai hotonka ne a bangon ɗakina.
"Ni na faɗi," in ji Wendell,
"ni kuma na lallashe shi."

Na ce masa kakana mahauci ne, ɗan dambe.
A garinmu hannu ɗaya ake naɗewa da zare,
in gwiwarka ta taɓa ƙasa, an kashe ka ke nan,
sai ka tashi ka karkaɗe warki,
gobe da hantsi kana rumfa kana kasa tsoka.
Ya daɗe yana kallona.
"An kashe ka, kuma ka tashi?"
Na ce ƙwarai.
Dariya ta kama shi har ta koma tari.
"To ni sau biyar na mutu."

Yana son zuwa taga ya ga dusar ƙanƙara.
Na miƙa hannu, ya ture.
"Ƙirga kawai, Tanimu. Da yarenku."

Ɗaya. Biyu. Ya dafa ƙarfen gado.
Uku. Huɗu.
Gwiwa na rawa kamar ta maraƙi sabuwar haihuwa.
Biyar. Shida.
Na ja bakwai kamar mai kiran wani daga tsallaken rafi.
Takwas,
ya miƙe,
ya nuna mini dunƙulallun hannuwansa
in duba, in ce a ci gaba.

Na goge su a jikin rigata.
Can ƙarshen baranda
ƙararrawar ɗaki na tara na ta kira.