Malam-buɗe-littafi a Wuyan Tsiala

Shekara ashirin da biyu ina manna gurasa
a bangon tanderu, a wani lungu na Kutaisi,
kaina cikin rami, wuta na lasar girata.
Bana kuwa, a bakin wutar nan nake rawar ɗari.
Riga uku, safa biyu, gyale a wuya,
masu saye na fifita da jarida, ni ina makyarkyata.

Zobena ya ƙi fita. Gashi ya cika mataji.
Wutsiyar girata ta ɓace, na ɗora wa wuta laifi.
Talata na zuba gishiri sau biyu a ƙullu,
Laraba na manta shi ɗungum.
Mijina Nugzar ya ce tsufa ne.
Maƙwabciya ta ce kewar ɗana ce da ke aiki a Girka.
Ni dai barci nake kamar biyana ake yi,
in farka da gajiyar wanda ya kwana dakon duwatsu.

Likita Lamara ta dafa wuyana, ta ce in haɗiyi yawu.
Sannan aka ɗebi jini.

Takarda ta fito ranar Juma'a, ana yayyafi kan kogin Rioni.
A cikin bas na buɗe ta.
Kibiya ɗaya ta dubi sama, ɗaya ta dubi ƙasa.
TSH: sha huɗu da ɗigo shida,
a gefe an rubuta iyakarsa wajen huɗu.
Na ce, to ai yawa ne ke damuna,
ina ni ina ƙaranci?

Lamara ta cire tabarau.
"Kina da yaron shago?"
"Akwai Zaza, sarkin barci."
"In ya tashi da wuri, kira nawa kike masa?"
"Ɗaya."
"In ya yi nauyi fa?"
"Sai unguwa ta ji."

"To lambar farko muryarki ce.
A ƙasan ƙwaƙwalwa akwai mai kira,
a gaban maƙogwaro akwai wanda ake kira,
ɗan tsoka mai fukafukai biyu kamar malam-buɗe-littafi,
shi ke hura wutar jiki.
Lamba ta biyu, T4, gurasar da ya fitar ce.
Dubi: kira har sama, faranti kusan wayam."

"Layi na uku fa?"
"Masu gadin jikinki ne suka ɗauki ɗan gida ɓarawo,
suna ta jibgarsa a ɓoye, wataƙila shekaru.
Ba wani abu kika ci ba. Ba sakaci kika yi ba."
A nan na yi kuka, ban san dalili ba.

Ƙwayar ba ta kai ƙwayar shinkafa biyu ba.
Da asuba, ciki wayam, da ruwa zalla.
Kofi ya jira, madara ta jira, cuku ma ya jira
rabin sa'a ko fi,
ni da hancina ke kwana cikin ƙamshin gurasa!
"Har yaushe?"
"Mai yiwuwa har abada. Mu haɗu bayan sati shida."

Sati shida: tara. Ta ƙara awo kaɗan.
Na yi fushi da ita, da kibiyar, da Nugzar da bai yi komai ba.
Ashe jiki kamar ƙullu yake,
ba ya tashi don kin tsaya a kansa.

Wata na huɗu: uku da ɗigo ɗaya.
Ban yi guɗa ba, na ninke takardar na sa a aljihu.
Amma wata safiya na ji gumi a ƙeyata,
na cire gyale, na rataye shi a ƙusa.
Ina cikin cuɗa ƙullu na duba yatsana:
babu zobe.

Gurasa arba'in muka yayyaga, ni da Zaza, muna nema.
Yana cikin ta talatin da takwas,
da zafinsa.