Katantanwa a Kan Takarda

A Valdivia ruwan sama ba baƙo ba ne,
shi ne mai gida, mu 'yan haya.
Da shi na shiga asibitin jami'a ran Talata,
takalmina na ɗiga, hulata a hammata,
na tsaya gaban allon da suke manna sanarwa.

Gwajin magunguna, za a fara a watan Mayu.
Na masu asma. Na masu suga da gyambo ya ƙi rufewa.
Na yara masu farfaɗiya,
na matan da barci ya yi wa yaji tun haihuwar fari.
Na ƙoda.
Nan na ɗan daɗe.
Herminia, takardarki ta iso,
shekara takwas bayan mun kai ki makwanci.

Can ƙasa, inda kusurwa ta naɗe,
na masu rawar hannu.
Hannuna ya riga idona karantawa.

Shekara arba'in da ɗaya ina fito a kogin Calle-Calle,
ina ƙulla igiya cikin duhu ban taɓa dubawa ba.
Yau cokali ya fi ƙarfina.
Miya takan baro kwano lafiya lau,
rigata ce ke ƙoshi.

Nas Millaray ta miƙo shafi goma sha huɗu,
ta ce in tafi da su gida, babu mai kora ta.
Jikata Maite ta karanta mini a bakin murhu,
tana bin layi da farcen da ta shafa wa shuɗi.
"Kaka, rabinku ne za su sha maganin.
Rabi kuwa ƙwaya ce fara mai kama da shi,
ba komai a cikinta sai gari.
Kwamfuta za ta jefa ƙuri'a.
Likita bai sani ba. Nas ma haka."

Na ce, to ai halin kogi ke nan.
Mutum biyu su jefa taru wuri guda,
ɗaya ya ja kifi, ɗaya ya ja ciyawa,
da yamma kowa ya san inda ruwa ya yi albarka.

Ruperto maƙwabcina ya leƙo ta shinge,
wai za su mai da ni ɓeran ɗakin bincike.
Na ce ɓera ba a karanta masa shafi na tara,
inda aka rubuta cewa ran da na gaji
in ɗauki hulata in tafi, ba mai tambaya ta dalili.
Kuma ƙwayar hawan jinin da kake haɗiya da shayi,
wa ka ji ya fara shan ta?
Wani tsoho ne da ba mu san kabarinsa ba.
Bashi ne, Ruperto, hanji ne,
yana cikin kowa.

Abin da ya hana ni barci shafi na uku ne:
ba sa ɗaukar wanda ya cika saba'in da biyar.
Ni kuwa tara ga Yuni zan cika.
Kwana ashirin tsakanina da rufe ƙofa.
Ban taɓa roƙon kalanda ta yi nawa ba sai bana.

Jiya na koma.
Millaray ta ajiye farar takarda da biro,
ta ce in zana katantanwa, daga ciki zuwa waje,
kada in jingina gwiwar hannu.
Na zana.
Abin da ya fito ya fi kama da gaɓar tekunmu,
duk lungu da tsibirai.
Ba ta yi dariya ba, ta rubuta kwanan wata a gefe,
ta ce bayan wata shida zan zana wata,
a ɗora su kusa da juna.

Na sa hannu. Eleuterio ya fita layi, ya haura sama.
Ta ce ya isa.

A waje ruwan bai tsagaita ba.
Na cusa hannun cikin aljihu,
yana ta kaɗawa,
kamar kifin da bai yarda an kama shi ba.