Baƙar Riga

A Dabai, ranar Juma'a Mai Kyau,
ina ɗan shekara tara,
katikis Sila ya raba kayan wasa a gindin ɗorawa.
Farar riga ga mai ɗaukar gicciye,
ja ga sojoji,
baƙa kuwa, da gemun zaren buhu,
ya ɗaga ta sama ya ce, "Ezra, zo."

Ezra mai awon dawa a kasuwar Zuru.
In damina ta yi nisa, rumbu ya koma ganga,
shi ke auna tiya uku ya rubuta a bayan kwali.
Sunan babana na nan, layi na bakwai.

Aka ce shi ne Bayahude.
Ba wanda ya tambayi dalili.

Mu yara an ba mu ihu mun haddace,
an yarje mana jifa da ɓawon gyaɗa.
Amma hannu ba ya tsayawa inda aka ce masa tsaya.
Nawa ya tsinci tsakuwa.
Na ji ƙararta a goshi,
na ji dariyar manya, masu suna a kwali,
jinin da ya sauko kan gemun buhu
ba ya cikin abin da muka gwada.

Da dare kakata Rifkatu na kaɗa miya,
ba ta ko ɗago ba.
"Ka taɓa ganin Bayahude?"
Na ce a'a.
"Ni ma. Daga Ribah har Yauri ban ga ko ɗaya ba.
To wa ka jefa?
Wanda kake wa kuka yau, uwarsa 'yar wane gida ce?
Masuntan da suka bi shi fa?
Shi kansa, da wane yare ya yi addu'a?"
Muciya ta ci gaba da zagaye tukunya.

Sai da na yi furfura na gane:
ƙiyayyar nan a akwati ta zo mana
tare da allo da maganin zazzaɓi da labari mai daɗi,
kamar ƙwaro a cikin iri.
Can ƙetaren teku an daɗe ana kiwonta.
An ɗora wa jikoki mutuwa guda,
an hana mutane gona, an bar musu rance,
sannan aka zage su da rancen.
Mu nan ba mu da su,
sai muka ari sunan muka rataya
a wuyan duk wanda ke bin mu bashi.

Ran kasuwa aka aike ni wurin Ezra.
Tabon kamar ƙwayar dawa.
Ya cika tiya har ta yi tozo,
ya ce in gai da gida.

Yau ni ne katikis.
Rigar na cikin akwati, ɓera ya cinye rabin gemun.
Jiya kwamiti ya zauna, aka zo kan wa zai sa ta bana,
na ga idanu suna zamewa a hankali
zuwa ga Yohanna mai shagon taki.
Na tashi na zauna a kan akwatin.
Har yanzu suna jira in yi magana.